Saba'in ɗin Baba da Takardar da Ta Ce Sittin da Bakwai

Maƙalar wannan makon daga gida ta fito, daga Kaikai ta ƙaramar hukumar Kusada, kuma wata 'yar gardama ce ta haife ta.

Ranar Babbar Sallar 2025, bayan an sauko idi an yi yanka, muna zaune a tsakar gida ana gasa hanta, sai babban wanmu da ke aiki a Kano ya kawo shawara. Ya ce tunda takardun Baba sun nuna an haife shi ran 1 ga Janairun 1958, saura shekara biyu da rabi ke nan ya cika saba'in, ya kamata mu fara adashi tun yanzu, in lokacin ya yi a tara dangi a yi masa walima. Kowa ya yi na'am. Gwaggo, yayar Baba, tana kishingiɗe a kan tabarma, mun ɗauka gyangyaɗi take yi. Sai ta ɗago ta ce, "Ku 'yan nan, wa zai cika saba'in nan da shekara biyu? Yaron da na goya lokacin da dawaki suka tafi Kaduna hawan Sarauniya?"

Muka yi dariya. Ƙanwarmu ta zaro waya ta duba, dariyar ta tsaya. Sarauniya Elizabeth ta zo Nijeriya ne a ƙarshen Janairun 1956, aka yi mata hawan daba a Kaduna a farkon Fabrairu. Shekara biyu ke nan kafin ranar da takarda ta ce an haifi Baba. Ba a goyon yaron da ba a haifa ba. Ko dai Gwaggo ta rikice, ko takarda ta yi ƙarya.

Da daddare muka tambayi mai shekarun da kansa. Bai ɓoye mana komai ba, hasali ma abin dariya ya ba shi. Ya ce ranar da aka kai shi firamare, hedimasta ya sa shi ya ɗora hannun dama bisa kai ya kamo kunnen hagu. Hannu ya kai, aka ce ya isa makaranta, aka rubuta masa shekara shida, wato 1957. Ba wanda ya tambayi mahaifiyarsa. A 1976, da gwamnatin Obasanjo ta buɗe shirin ilimin firamare kyauta na UPE ana neman malamai ido rufe, aka ce ya kawo shaidar haihuwa. Ya tafi kotu yin takardar rantsuwar shekaru, wadda muka fi sani da dikilareshan. Magatakarda ya dube shi sama da ƙasa, ya ce bari a sa 1958, za ta yi maka amfani gaba. Wata da rana fa? Baba ya ce bai sani ba. Magatakarda ya buga 1 ga Janairu. Amfanin ma bai zo ba, don dokar aiki ta lokacin ta ce shekara sittin da haihuwa ko talatin da biyar a bakin aiki, duk wadda ta riga, kuma ta aikin ce ta riga cim masa a 2011.

Ranar da muke shirin yi wa adashi ke nan. Wani mutum ne da ba mu san sunansa ba ya ƙirƙire ta a cikin minti biyu, gaban tafireta.

Abin da ya tsaya mana a rai shi ne Gwaggo, wadda ba ta taɓa zama a aji ba, ta fi takardar gwamnati tabbacin abin da take faɗa. Wannan ya sa muka koma baya muna tambayar yadda Bahaushe yake adana haihuwa kafin zuwan rajista.

Wuri na farko da yake ajiye ta shi ne a cikin suna. Ban da sunan yanka, akwai sunan rana: Ɗanladi da Ladi, Ɗantani da Altine, Ɗantala da Talatu, Balarabe da Laraba, Ɗanlami da Lami, Ɗanjuma da Jummai, Ɗan'asabe da Asabe. Akwai na wata da na yanayi: Azumi ta zo cikin Ramalana, Sallau da Tasalla ranar Sallah, Anaruwa ana tsuga ruwa, Nomau lokacin noma. Akwai kuma waɗanda ke gaya maka matsayin yaro a ɗakinsu. Tanko ya biyo mata, Kande ta biyo maza, Gambo ya biyo tagwaye, Audi bai tarar da mahaifinsa ba, Auta ya rufe ƙofa. Mu marubuta mukan ɗauki waɗannan sunaye mu liƙa wa taurarin labari don kawai sun yi mana daɗi a baki. Mun taɓa karanta labarin da aka ce an haifi Asabe ran Juma'a ana kiran sallah, kuma marubucin bai ga komai a ciki ba. Tsohuwa ko ɗaya ba za ta bar wannan ya wuce ba.

Suna yana ba ka rana, wani lokaci da wata. Shekara kuwa a jikin abin da ya faru ake rataye ta. Abin da ya fi zama a zukatan mutanen karkara shi ne yunwa, shi ya sa kowace babbar yunwa take da sunanta. Kakalaba ita ce ta 1914. Mai Buhu ta 1927. 'Yar Gusau ta 1942, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Wani Baturen masani, Michael Watts, ya zauna a Kaita a shekarun 1970 yana bin tarihin yunwa a ƙasar nan, littafinsa Silent Violence ya fito a 1983, kuma irin waɗannan sunaye na bakin tsofaffi suna cikin abin da ya jera tarihin da su. Sai annoba, kamar Marisuwa, murar da ta zagaye duniya a 1918. Sai sarakuna: an haifi wane zamanin Dikko, wanda ya yi sarautar Katsina daga 1906 zuwa 1944, ko zamanin Nagogo, daga 1944 zuwa 1981, ko na Kabir Usman har zuwa 2008. Zamanin sarki yana da faɗi, shi ya sa ake ƙara masa wani abu, a ce shekarar da Dikko ya tafi Makka, wato 1921.

Na baya-bayan nan ma haka suke ƙirga. Shekarar da aka kashe Sardauna, 1966. Canjin hannu, da motoci suka koma tuƙi ta dama, 1972. Canjin kuɗi daga fam da sule zuwa naira da kwabo, 1973, wadda kuma ita ce shekarar babban fari. Shekarar da cuta ta cinye gyaɗa, 1975. Kashe Murtala, 1976. Ko a cikin sa'o'inmu akwai waɗanda in ka tambayi iyayensu mata za su ce maka an yaye shi shekarar da rana ta yi husufi gari ya yi duhu da hantsi, wato 29 ga Maris 2006, kwanaki kaɗan bayan ƙidayar jama'a. Ga maza kuma akwai wani ma'auni da ya shuɗe: shekarar da mutum ya shiga haraji. In mai gari ya ga yaro ya tasa, ya isa riƙe garma, sai a sa sunansa a takardar haraji, kuma ba a manta wannan shekara don tana da ciwo. Wannan ma'aunin ya mutu a wajenmu a 1979, da gwamnatin Balarabe Musa ta soke haraji da jangali a tsohuwar jihar Kaduna, wadda Katsina take ciki a lokacin.

Kada wani ya ɗauka wannan jahilci ne ko rashin lissafi. Larabawan Makka ma haka suke yi, shi ya sa littattafan sira suka ce an haifi Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, a Shekarar Giwa, ranar Litinin. Sai zamanin halifancin Sayyidina Umar aka tsayar da ƙirgen Hijira. A ƙasar Hausa kuma gidajen malamai sun daɗe suna rubuta kwanan wata. An san an haifi Shehu Usmanu Ɗanfodiyo a Maratta a watan Safar na 1168, wanda ya yi daidai da Disambar 1754, an kuma san ya rasu a Sakkwato a 1232, wato 1817. Mawallafan waƙoƙin ajami sukan rufe waƙa da ramzi, su dunƙule shekarar da suka yi ta a cikin haruffan da kowanne yake da adadinsa. Ilimin ƙirga shekara yana nan. Abin da babu shi ne dalilin da zai sa manomi a Kaikai ya buƙaci lambar shekarar haihuwar ɗansa. Ba za a tambaye shi ita a gona ba, ba a kasuwa ba, ba wajen neman aure ba. Abin da ake buƙata shi ne a san wa ya girmi wa, kuma wannan kowa ya sani.

Ku duba jerin sarakunan Kano ko na Katsina. Za a gaya maka sarki ya shekara kaza a kan gado, wani lokaci har da watanni, amma ba za a ce maka ga shekarar da aka haife shi ba. Har kwanan nan abin da masarauta take yi wa gagarumin biki shi ne shekarun sarauta, kamar yadda Kano ta yi wa Ado Bayero na cika hamsin a kan karaga a 2013. Matakan rayuwar talaka ma haka suke: suna ran bakwai, fitar arba'in, yaye, kaciya, saukar karatu, aure, dawowa daga Hajji. Kowanne akwai abin da aka yi ko aka tsallake. A ce a taru don kawai rana ta zagayo, wannan baƙon abu ne.

Ta ina baƙon ya shigo? Mu dai a iya bin sawunmu, ranar haihuwa ta farko da 'yan makarantar boko na ƙasar nan suka saba yi wa biki ba ta kowa ba ce a cikinsu. Ranar Empaya ce, 24 ga Mayu, ranar haihuwar Sarauniya Victoria, wadda ake yin fareti da guje-guje a makarantun ƙasashen da Ingila take mulka har zuwa ƙarshen shekarun 1950. Abin dariyar shi ne su kansu sarakunan Ingila suna da ranar haihuwa ta takarda. An haifi Elizabeth ran 21 ga Afrilun 1926, amma bikin hukuma a wata Asabar ta watan Yuni ake yi, don a dace da yanayi mai kyau. Ashe ba Baba kaɗai ba ne.

Bayan fareti sai rajistar makaranta, sai aikin En'e da na gwamnati, sai fansho. Duk waɗannan suna da gurbin da dole a cike da lamba. Amma dokar da ta wajabta rajistar haihuwa a duk faɗin ƙasa, wadda ake aiki da ita yanzu a hannun Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, ta 1992 ce. Duk wanda aka haifa a ƙauye kafin nan, sai dai ya yi rantsuwa a kan abin da bai gani ba. A nan muna ganin makwabtanmu na Nijar sun fi mu gaskiya a takarda. Bahaushen Maraɗi da ba a rubuta haihuwarsa ba, akan sa masa kalmomin Faransanci biyu kafin shekarar, "né vers", ma'ana an haife shi wajajen shekara kaza. Takardar ta amsa cewa kintace ne. Tamu kuwa ta buga rana da wata da hatimin kotu. Da kwamfuta ta zo, ita ba ta san wajajen ba, sai rana, sai wata, sai shekara, shi ya sa ko'ina 1 ga Janairu ta cika da jama'a. Daga ƙarshe Facebook ya ɗauki wannan ranar yana tuna wa abokai kowace shekara, mu kuma muna rubuta fatan alheri a ƙarƙashin hoton kek. Yawancinmu a nan muka koyi bazde, ba a gida ba.

Manya ma ba su tsira ba. Marigayi Muhammadu Buhari, ɗan Daura, takardunsa sun ce 17 ga Disambar 1942. A Disambar 2017, da tawagar mazauna Abuja ta kai masa gaisuwar Kirsimeti, ya faɗa da bakinsa cewa shi ya ɗauka shekarunsa saba'in da huɗu ne, sai aka gaya masa saba'in da biyar ne. Jaridu suka yi ta yi masa ba'a. Duk wanda ya tashi a gida irin namu ya san babu abin mamaki a maganar, mutum ne da ba a saba masa da ƙirga wa kansa shekaru ba. Shekara biyar bayan haka ranar cikarsa tamanin ta same shi a Washinton wajen taron Amurka da shugabannin Afirka, da ya dawo iyalansa da makusantansa suka shirya masa liyafar dare a fadar shugaban ƙasa. Tsakanin waccan magana da wannan liyafa akwai tarihin abin da muke faɗa gaba ɗaya: uba bai damu da lissafin ba, na bayansa ne suka riƙe shi. Obasanjo ma ya sha faɗa a bainar jama'a cewa bai san ainihin ranar haihuwarsa ba, abin da mahaifiyarsa ta gaya masa shi ne ranar cin kasuwar Ifo ce, duk da haka kowace 5 ga Maris ana yi masa biki. Nan kusa da mu kuma ga Mamman Shata na Musawa, wanda ya taɓa zama kansila a ƙaramar hukumar Kankiya. Kowa ya san ya rasu a watan Yunin 1999, amma haihuwarsa shekara kawai ake faɗa, 1923. Mun fi riƙe ranar rasuwa da ranar haihuwa.

To, mu koma kan tabarmar Gwaggo. Bayan Sallah muka zauna da ita sau uku, muka bar ta tana magana, ba mu sa mata amsa a baki ba. Wannan yana da wuya fiye da yadda ake zato, don tsoho mai kara in ka ce masa "ko shekara kaza ce?" sai ya ce maka i, don kada ka ji kunya. Abin da ta tsaya a kai, ba ta sauya ba ko sau ɗaya, guda huɗu ne. Ranar Laraba ce, kuma laƙabin da tsofaffi ke kiran Baba da shi ya tabbatar da haka. An yi Maulidi da 'yan kwanaki, ba a kai ga zagayowar mako ba. An fara girbin dawa, hazo ya fara sauka da safe. Sannan yana ɗan jariri a bayanta, bai fara zama ba, aka yi ta maganar dawakin hakimai da suka tafi Kaduna.

Maganar dawakin ce ta fi ba mu wahala, don hawan daba a Kaduna ba sau ɗaya aka yi ba. An yi na 1956 don Sarauniya. An sake yin wani a watan Mayun 1959, bikin samun mulkin kai na Jihar Arewa, wanda baffan Sarauniya, Duke na Gloucester, ya halarta. Yarinya 'yar ƙauye tana iya haɗa biyun ta kira su duka hawan Sarauniya. In na 1959 take nufi, to an haifi Baba a kakar 1958, takardar kotu ta kusa yin gaskiya ke nan, wata kawai ta kuskure. Babban wanmu ya so a tsaya a nan, don lissafin adashinsa ya zauna.

Wata ne ya raba gardamar. Shekarar Hijira ta gaza ta Miladiyya da kimanin kwana goma sha ɗaya, saboda haka Maulidi yana ja da baya kowace shekara. Muka sa kwanakin a manhajar juya kalanda, muka kuma duba da wata manhajar daban. A 1958 Maulidi ya faɗo a ƙarshen Satumba. A ƙasarmu lokacin ruwa bai gama ɗaukewa ba, gero ake fama da shi, dawa tana tsaye ɗanya, babu zancen hazo. A 1955 kuwa watan Rabi'ul Awwal na 1375 ya kama wajen 18 ga Oktoba, Maulidi ya zo wajen 29 ga wata. Laraba ɗaya ce tak tsakanin wannan rana da zagayowar makonta: 2 ga Nuwamba 1955. Ko an samu saɓanin ganin wata da kwana ɗaya gaba ko baya, Larabar ba ta motsawa. Farkon Nuwamba dawa ta isa girbi, hunturu yana leƙowa. Yaron da aka haifa a ranar yana da wata uku cif lokacin hawan Kaduna na Fabrairun 1956, daidai jaririn da ake goyo bai fara zama ba.

Muka ƙara gwadawa da abin da Baba ya tuna da kansa. Ya ce shekarar da aka kashe Sardauna ita ce ya fara kai azumi har magariba, kuma cikin azumin labarin ya iso gari. Ran 15 ga Janairun 1966 ta faɗo a goman ƙarshe na Ramalana. Ɗan shekara goma ya kai azumi, wannan ya zauna. Wannan shaidar ba ta kai ta wata ƙarfi ba, don akwai yara masu naci tun suna bakwai, amma ta tafi inda sauran suka tafi.

Ba za mu rantse a kotu a kan 2 ga Nuwamba ba, an riga an yi wa Baba rantsuwa ɗaya ta isa. Amma ranar tana da shaidu huɗu da suka haɗu ba tare da sun san juna ba, ta takarda kuwa ba ta da ko ɗaya. Ga wanda yake son rubuta tarihin wani dattijo, ko labarin da ya faru a shekarun 1950, hanyar ke nan, kuma ba ta buƙatar digiri, mu ma difloma gare mu. A tambayi rana, a tambayi wata, a tambayi abin da ake yi a gona, a tambayi wa aka haifa kusa da shi, sannan a gwada su da juna. Mun ga littattafan tarihin rayuwa da dama da suka buɗe da "an haife shi ran 1 ga Janairu", marubucin ya kwafo daga katin ɗan ƙasa ya wuce, alhali yayar mutumin tana raye a ɗakin baya.

Sakamakon binciken ya rushe adashi. Saba'in ɗin da muke hange a 2028 ashe saura wata huɗu. Da muka kai wa Baffa, ƙanen Baba, wanda ya fi kowa karatun addini a gidan, ya ƙara dagula lissafin. Ya ce in da watan Musulunci za a bi, daga 1375 zuwa 1447 shekara saba'in da biyu ne, saba'in ta wuce tun bara waccan ba wanda ya sani. Sannan ya ce shi ba ya cikin bikin ranar haihuwa, koyi ne da Turawa, ba mu gada ba. Yayarmu ta ce ita ba kek ne ya dame ta ba, rabon da 'ya'yan Baba da jikokinsa su kwana a gida ɗaya tun rasuwar kakarmu, kuma ba ta so taro na gaba ya zama na zaman makoki. Malamai sun daɗe suna saɓani a kan wannan mas'ala, mu ba malamai ba ne, ba kuma a tsakar gidanmu za a warware ta ba. Shi mai abin da aka tambaye shi, ya kawo hadisin da ya nuna yawancin shekarun al'ummar nan tsakanin sittin da saba'in suke, ya ce wanda ya kai nan istigfari ya kamace shi. Ya yi shiru, can ya ce amma in yaran za su zo, su zo.

Aka tsaya a kan haka. Babu kek, babu kyandir, babu kiɗa. Ran 2 ga Nuwambar 2025 ta faɗo Lahadi, ma'aikata da 'yan makaranta suka samu zuwa, daga Kano, daga Katsina, daga Kankiya, ɗaya daga Kaduna. Da safe aka yi saukar Alkur'ani aka yi wa iyaye da kakanni addu'a, Baffa da kansa ya ja ta, ya ce wannan sada zumunci ne, ba bazde ba, kowa ya kira shi abin da ya ga dama. Aka yanka rago, aka tuƙa tuwon dawa sabuwa da miyar kuka, aka dama fura.

Bayan la'asar jikoki suka kewaye Baba. Wani ya tambaye shi garuruwa nawa ya zauna, ya ce bai taɓa barin Kaikai da zama ba amma ya zauna a jiha huɗu: an haife shi a Lardin Katsina na Jihar Arewa, a 1967 ya wayi gari a Jihar Arewa ta Tsakiya, a 1976 aka ce Kaduna, ran 23 ga Satumbar 1987 aka ce Katsina. Yaran suka ɗauka tatsuniya ce. Muka tambaye shi ko za a je a gyara takardunsa, ya ce a rufa masa asiri, fanshonsa da asusun bankinsa duk a kan 1958 suke, ba zai je yana bin layi a kan shekara biyu ba. A wajen gwamnati, a 2025 shekarunsa sittin da bakwai ne.

Gwaggo aka zaunar a kujera, muka kunna rikodar waya, ta yi kusan awa biyu tana magana. Ta lissafa yara tara da aka haifa a unguwar tsakanin waccan kaka da bazararta, da sunayen iyayensu mata, da wanda ƙyanda ta ɗauke, da wanda ya tafi cirani bai dawo ba. Biyu ne suka rage ban da Baba. Aka tura yaro a babur ya ɗauko ɗaya daga cikinsu, wanda ta ce Baba ya girme shi da kwana goma sha biyu. Ya zo da sandarsa, aka ba shi labari, ya laluba aljihu ya fito da katin zaɓensa. An rubuta 1 ga Janairu 1960.

Autarmu ta ce, "Gwaggo, ke fa, shekarunki nawa?" Ta ce ita ba ta ƙirga ba, abin da innarsu ta gaya mata shi ne da cikinta aka shiga 'Yar Gusau, ranar Asabar aka haife ta, ana shuka. Ta nuna wayar da haɓa ta ce, "Ku tambayi abin naku." Mun fara kwafe muryar tata a takarda, mun kai shafi na goma sha huɗu, kuma akwai sunayen shekaru biyu a ciki da har yanzu muke yawo da su wajen tsofaffin Kusada muna tambayar wace ce wace.